Me ya sa sikeli yake tsayawa? Gaskiyar lissafin kalori da iyakarsa

A shekarar 2009 wani shirin talabijin na Amurka mai suna The Biggest Loser ya tara mutane masu matsananciyar ƙiba, ya sa su gasar rage nauyi a gaban miliyoyin masu kallo. Aka takura musu abinci, aka sa su motsa jiki na sa'o'i kullum, aka yi tafi, aka raba kyauta. Bayan shekara shida sai Kevin Hall, masani a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, shi da abokan aikinsa suka sake auna 14 daga cikin 'yan gasar. A matsakaicin lissafi, kowannensu ya shiga gasar da kilo 149, ya zubar da kilo 58 cikin mako 30, amma kilo 41 sun dawo. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, jikinsu a lokacin hutu yana ƙona kimanin kalori 500 a rana ƙasa da abin da ake tsammani ga mai irin girmansu.

Tun da aka buga wannan sakamako a 2016, ɓangarori biyu suke jan sa, kowa zuwa gefensa. Wasu sun ce ga hujja nan cewa zancen kalori tatsuniya ce, sirrin yana wurin wani sinadari, ko wani shayi, ko haramta wa kai shinkafa. Wasu kuma sun ce lissafi bai taɓa yin ƙarya ba, mutanen ne suka kasa riƙe bakinsu. Kowane ɓangare ya riƙi rabin gaskiya ya yar da rabi. Nauyin mutum ba ya raguwa sai makamashin da yake fita daga jikinsa ya fi wanda yake shiga, wannan babu makawa. Amma shiga da fita ba lambobi ba ne da mutum yake rubutawa yadda ya ga dama, domin jiki yana taɓa su duka biyun, kuma yana taɓa su ne don ya maido da abin da ya rasa. Wanda ya jahilci rabin farko, 'yan kasuwa za su cinye masa kuɗi. Wanda ya jahilci na biyu kuwa zai ƙare da zargin kansa a kan abin da halittarsa ce take yi.

Abin da babu jayayya a kansa

Kalori ma'auni ne na makamashi, kamar yadda mudu yake ma'aunin hatsi. Wanda ake rubutawa a jikin kwalin abinci shi ne adadin zafin da zai ɗaga ɗumin lita guda ta ruwa da digiri ɗaya. A farkon shekarun 1780 Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace na Faransa suka sa ɓeran Masar a cikin wani akwati da aka kewaye da ƙanƙara, suka auna ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar, suka fahimci cewa numfashi wani nau'i ne na ƙonewa a hankali. A 1894 Max Rubner na Jamus ya nuna a jikin karnuka cewa zafin da dabba take fitarwa ya yi daidai da makamashin abin da ta ƙona. Wilbur Atwater na Amurka ya maimaita irin wannan awo a kan mutane, yana rufe su kwanaki a wani ɗaki na musamman, kuma daga aikinsa aka samo lambobin da ake amfani da su har yau: giram guda na sitaci ko sukari kalori 4, na furotin 4, na mai 9.

Ma'anar wannan ita ce kitse ba ya fitowa daga iska, ba ya kuma ɓacewa haka kawai. Ajiya ce. Idan an ƙona shi, mafi yawansa ta huhu yake fita. Ruben Meerman da Andrew Brown sun yi lissafin a 2014: cikin kowane kilo 10 na kitsen da aka ƙona, kilo 8.4 suna fita a matsayin iskar kabon da ake fesowa a numfashi, sauran 1.6 kuma su zama ruwa. Saboda haka ɗamarar roba da ke sa gumi ba ta narkar da tumbi, ruwa kawai take matsowa, kofi biyu kuma sun isa su mayar da shi. Haka yawancin shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Instagram da WhatsApp: da dama daga cikinsu suna ɗauke da ganyen dangin filasko, mai sa zawo. Sikeli zai sauka kam, amma abin da ya fita ruwa ne da abin da ke cikin hanji.

Ko tsarin cin abinci na gaskiya yana da irin wannan ruɗi a makon farko. Jiki yana ajiye ɗan sukari a hanta da tsoka, kimanin rabin kilo, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa kusan ninki uku. Da mutum ya yanke tuwo da shinkafa, wannan ajiya ce take fara tafiya tare da ruwanta, sai ya ga kilo biyu sun sauka cikin kwanaki. Murna ta kama shi, ya zaci haka tafiyar za ta ci gaba.

Masu cewa nau'in abinci ne kaɗai abin dubawa an gwada maganarsu. A Jami'ar Stanford, Christopher Gardner ya raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage mai, wasu suka rage sitaci, har tsawon shekara guda. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna masu rage mai sun zubar da kilo 5.3, masu rage sitaci kilo 6, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Duka rukunin biyu sun rage abin da suke ci, kowanne ta hanyarsa. A cikin kowane rukuni kuwa akwai wanda ya zubar da kusan kilo 30, akwai wanda ya ƙara kusan 10.

Akwai kuma masu rantsuwa cewa ba sa cin komai amma suna ƙiba. A 1992 likitoci a New York suka auna wasu masu irin wannan koke da na'urori, suka tarar cewa abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin 100, motsin jikin da suke faɗa kuma ya zarce na gaskiya da kashi 51. Ba maƙaryata ba ne. Ido ba mudu ba ne, sai dai ya san ƙima, kuma a wurin mai ne ƙimar ta fi kuskurewa. Babban cokali guda na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori kusan 120, kuma babu wanda yake ƙirga cokalin da ya shiga tukunyar miya ko wanda ƙosai ya sha a kasko.

Inda lissafin ya karkace

Kuskuren bai fito daga dokar ba, ya fito ne daga wata ƙa'ida da aka ɗora a kanta. A 1958 wani likita a Amurka, Max Wishnofsky, ya lissafa cewa fam guda na kitsen jiki daidai yake da kalori 3,500, wato kimanin 7,700 a kilo. Lambar ba ta da laifi. Laifin yana wurin waɗanda suka ɗauke ta suka gina alƙawari: rage kalori 500 kullum, ka zubar da kusan rabin kilo kowane mako, har illa masha Allahu. Shekaru da dama wannan magana tana cikin littattafan koyarwa da takardun asibiti.

A bi ta zuwa ƙarshe a gani. Kalori 500 sau kwana 365 ya ba da 182,500, wato kilo 24 a shekara. Mutum mai kilo 90 da ya daina cin abin da bai wuce faranti guda na shinkafa da miya ba, kafin shekara huɗu ta cika zai ƙare ƙurmus, babu ko inuwarsa. Wannan bai taɓa faruwa da kowa ba.

Dalili shi ne ƙa'idar ta ɗauka cewa abin da jiki yake ƙonawa yana nan yadda yake. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na makamashin yawancin mutane yana tafiya ne a ayyukan da ba a gani: bugun zuciya, aikin hanta da ƙoda, riƙe ɗumin jiki, da ƙwaƙwalwa wadda ita kaɗai take cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Kimanin kashi 10 yana tafiya wajen narkar da abinci, sauran kuma a motsi. Idan jiki ya ragu, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana raguwa. Ƙaramin jiki ya fi arha wajen ciyarwa, ya fi sauƙin ɗauka a hawan bene, abincin da zai narkar ma ya ragu. Giɓin da ya fara da 500 sai ya yi ta tsukewa har ya rufe, alhali mutumin bai ƙara loma ɗaya ba.

A 2011 Hall da abokansa suka fitar da lissafin da ya yi la'akari da wannan. Ga baligi mai ƙiba matsakaiciya, kowace kalori 24 da aka rage a rana, aka kuma dawwama a kai, za ta kai ga raguwar kilo guda a ƙarshe. Rabin raguwar yana zuwa cikin kimanin shekara guda, kusan dukanta cikin shekara uku. Mai rage 500 ke nan zai ga kusan kilo 10 a shekarar farko, ya tsaya a wajen kilo 20 bayan shekara uku, inda tsohuwar ƙa'ida ta yi masa alƙawarin fiye da 70.

Bayan wannan raguwa ta dole, jiki yana ƙara nasa tsimin. Jiki kamar magidanci ne da ya taɓa ganin fari: da ya lura rumbu yana yin ƙasa sai ya rage awon gida. An ga haka ƙarara a gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minisota daga 1944 zuwa 1945, inda samari 36 da suka ƙi shiga yaƙi saboda aƙida suka yarda a rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon mako 24, domin a san yadda za a farfaɗo da mayunwatan Turai. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, ƙonawar jikinsu a lokacin hutu ta faɗi da kusan kashi 40 cikin 100, fiye da abin da raguwar nama kaɗai za ta bayyana. Sanyi ya dame su, bugun zuciyarsu ya yi ƙasa, motsi ya zame musu wahala. Gaskiya ne cewa su da 'yan gasar talabijin sun sha irin matsin da yawancin mutane ba za su sha ba, kuma a wurin mai rage kilo biyar ko goma wannan tsimi bai kai haka girma ba. Amma yana nan.

Yunwa ce babbar runduna

Magidancin nan ba rage awo kaɗai yake yi ba, yana kuma tura kowa neman ƙari, kuma a nan ne ainihin yaƙin yake. Samarin Minisota sun koma ba su da zance sai na abinci, wasu suna tara littattafan girki suna karantawa kamar labarin soyayya. Da aka sake musu mara, suka ci har kitsensu ya wuce inda yake tun farko.

A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitse da kansa yake fitarwa cikin jini domin ya shaida wa ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke akwai. Idan kitse ya ragu, leftin ya ragu, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauki abin a matsayin ƙararrawa. Wani bincike da aka yi a Melbon ta Ostireliya, aka buga a 2011, ya nuna cewa shekara guda bayan rage nauyi, sinadaran yunwa suna nan sama, na ƙoshi kuma suna ƙasa.

An ma iya auna ƙarfin wannan ja. Akwai wani maganin ciwon sukari da ke sa ƙoda ta zubar da kimanin giram 90 na sukari ta fitsari kullum, wato makamashi yana zurarewa ba tare da mai shan maganin ya yi niyyar rage ci ba. David Polidori da Hall suka bi nauyin masu shansa na shekara guda, suka gano a 2016 cewa a kan kowane kilo da ya sauka, cin mutum yana ƙaruwa da kusan kalori 100 a rana, fiye da ninki uku na abin da jiki yake tsimi ta wajen ƙonawa. Mai zubar da kilo 10 ke nan yana fama da buƙatar ƙarin abinci da ta kusa kalori 1,000 a kowace rana ta Allah.

Wannan ne ya sa sikelin yawancin masu rage ƙiba yake tsayawa a wajen wata na shida. Mutumin yana jin yana ƙoƙari kamar ranar farko, kuma gaskiya yake faɗa, sai dai ƙoƙarin da ya isa ya rage 500 a watan farko yanzu bai wuce ya hana shi ƙari ba. Musulmi suna da ɗan misalin wannan a kowace shekara. Nazarce-nazarcen da aka tattara a kan azumin Ramadan sun nuna cewa masu azumi sukan rasa kimanin kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, akasari kuma ya dawo makonni kaɗan bayan Sallah.

Motsa jiki da irin abinci

Za a ce to sai a ƙara fita maimakon rage shiga. Motsa jiki yana da alheri mai yawa ga zuciya, da hawan jini, da sukari, da riƙe tsoka, kuma yana cikin ɗabi'un waɗanda suka yi nasarar hana ƙiba dawowa. Amma a matsayin hanyar zubar da kilo, ƙarfinsa bai kai yadda ake zato ba. Tafiyar sauri ta rabin awa tana ƙona wa mai kilo 70 kalori kusan 150, robar lemon kwalba mai rabin lita kuwa tana ɗauke da fiye da 200, kuma minti biyu sun isa a shanye ta. Herman Pontzer ya auna mutanen Hadza na arewacin Tanzaniya, masu rayuwa da farauta da tonon saiwoyi, masu tafiyar kilomitoci a ƙasa kullum. Sakamakonsa na 2012 ya nuna cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a rana bai bambanta sosai da na mazauna biranen Amurka da Turai ba. Alamu sun nuna jiki yana rage kashewa a wani wuri idan an ƙara masa a wani.

Idan yunwa ce take yanke hukunci, to tambayar da ta kamata a yi wa kowane abinci ita ce: nawa ne ƙoshin da yake bayarwa a kan kalorin da yake ɗauke da shi? A 2019 Hall ya zaunar da mutum 20 a asibitin bincike na tsawon wata guda. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta irin na leda da gwangwani, mako biyu kuma dafaffen abinci daga ɗanyen kaya, an daidaita sukari da mai da furotin da ke gabansu, aka ce kowa ya ci ya ƙoshi. A makonnin abincin masana'anta sun ci ƙarin kalori kusan 500 a rana, suka ƙara kusan kilo guda. A ɗaya makonnin kuma suka rage kusan kilo guda, babu wanda ya ƙirga komai. Dokar kalori ta yi aikinta a duka biyun, amma abincin ne ya juya ta. Wake, kifi, ƙwai, zogale, hatsin da ba a cire masa dusa ba, duk suna cika ciki su daɗe. Lemon kwalba, da shayi mai sukari cokali huɗu, da biskit, suna wucewa kamar ba a ci ba.

Sababbin alluran rage ƙiba, irin wadda ake sayarwa da sunan Wegovy, sun zo sun ƙara tabbatar da wannan. Ba sa ƙona kitse, yunwa suke kwantarwa. A gwajin da aka buga a 2021 a kan mutum 1,961, masu allurar sun rasa kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68, waɗanda aka yi wa ta bogi kashi 2.4. Da aka bi wasu da suka daina, kashi biyu cikin uku na abin da ya sauka ya dawo cikin shekara guda. Halin mutanen bai canza ba tsakanin lokutan biyu. Abin da ya canza shi ne ƙarfin kiran da ƙwaƙwalwarsu take yi.

Shin wannan ba kashe gwiwa ba ne?

Akwai mai cewa faɗa wa mutane haka zai sa su miƙa wuya. Tsoron yana da tushe, amma abin da yake kashe gwiwa da gaske shi ne alƙawarin ƙarya. Wanda aka ce zai zubar da kilo 24 ya ga 8, zai ɗauka ya faɗi, ya watsar da komai, ko ya faɗa hannun masu shayin zawo. Wanda aka gaya wa gaskiya tun farko zai san cewa 8 ɗin nan riba ce mai tsoka.

Hujjar tana cikin babban gwajin rigakafin ciwon sukari na Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2002. Mutum 3,234 ne da ke dab da kamuwa da cutar. Rukunin da aka nemi su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100 cikin kimanin shekara uku, fiye da waɗanda aka ba magani, masu kashi 31. Kashi 7 ga mai kilo 90 bai wuce kilo shida da 'yan kai ba. Ba zai sa a kasa gane shi a wurin biki ba, amma zai iya raba shi da allurar insulin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai cutarwa, ciki har da baligai miliyan 890, kuma adadin ya fi ninki biyu na yadda yake a 1990. Ba zai yiwu a ce ƙarfin halin bil'adama ne ya karye lokaci guda cikin shekara talatin ba. Abincin da ke kewaye da mutane ne ya sauya, ya yi arha, ya yi zaƙi, ya matso kusa. Ma'aikacin lafiyar da ya sallami mai ƙiba da kalmomin "rage ci" kawai bai yi ƙarya ba, amma bai ba shi komai ba, kamar wanda ya ce wa mai bashi ya riƙa kashe ƙasa da abin da yake samu.

Abin da ya dace a auna kowace hanya da shi shi ne ko mutum zai iya zama a kanta shekara biyar ba tare da yunwa ta hana shi barci ba. Ga wani, wannan na nufin barin lemon kwalba da rage man miya. Ga wani kuma, rage tudun tuwo da ƙara wake da ganye, tare da tafiya bayan la'asar. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai shan maganin sukari, sai da shawarar likita. Ranar da sikeli ya tsaya kuwa, abin da ya faru shi ne shiga da fita sun sake daidaita a kan sabon nauyi, kuma riƙe wannan nauyi kar ya koma gidan jiya shi ne aikin da ya fi wuya, shi ne kuma ya fi amfani. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.